Kofin Malam Rediyo

Tun yana yaro ake ce masa Rediyo, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili, domin duk wanda ya zauna da shi na ɗan lokaci ya ji dalilin da kunnensa. Ubansa tela ne, mutum mai shiru-shiru, yakan yini da allura a baki bai ce uffan ba. Uwarsa ma ba mai surutu ba ce. Inda yaron ya kwaso bakin nan, Allah kaɗai ya sani. In an aike shi sayen zare, sai ya dawo da zaren, da labarin mai zaren, da na matar mai zaren, ya tsaya a bakin shago yana zubawa har keken ɗinki ya yi shiru shi bai yi ba.

Ba maƙaryaci ba ne, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Abin da ya sani yake faɗa, kuma ya san abubuwa da yawa, don kansa na ja a makaranta. Cutarsa ɗaya ce. In ya yi maka tambaya, kafin ka buɗe baki ya ba kansa amsa.

"Ya gida? Lafiya lau ko? To madalla. Yara fa? Suna nan ƙalau, na sani."

Ya wuce abinsa. Kai kuwa ɗanka na kwance a asibiti, ba ka samu ƙofar faɗa ba.

Da ya girma ya zama malamin makaranta, kowa ya ce aiki ya samu mai shi. Labarin ƙasa yake koyarwa, wato darasin duwatsu da koguna da ruwan sama, da dalilin da ya sa mutane ke kafa gari a nan su ƙi can. A makarantar gwamnati ya fara, wata ta bakin titi, inda aji ke cika har wasu su zauna a taga, motoci na wucewa suna oda, fanka ta mutu tun kafin a haifi ɗaliban. A irin wannan aji wanda ba shi da murya bai zo aiki ba. Rediyo kuwa in ya ɗaga tasa, har masu faci na tsallaken titi sun san kogin da ya fi kowanne tsawo. Yana ɗura wa yara, su haddace, ranar jarrabawa su juye a takarda, su ci. Shekaru ya kwashe a haka ana yabonsa, shi ma yana taya masu yabon.

Matarsa takan ce ita har yau ba ta amsa masa maganar aure ba.

"Zuwa ya yi ya ce, kina sona? Na san kina sona. Ya tashi ya tafi wajen babana."

Ta zauna da shi dai, ta haifa masa maza biyu da mace ɗaya. Mazan sun girma sun kama gabansu can nesa, inda sai ta waya zai same su. Wayar ma sukan ajiye ta a kan tebur su ci gaba da harkarsu, su dawo su tarar bai kai aya ba. Macen ita ce Auta. Kakanta tela ta ɗauko sak, ido buɗe, baki rufe. A gidan nan ba a taɓa jin ra'ayinta kan komai ba, ba don an hana ta ba, sai don babu gurbin da za ta saka shi.

Gidansu yana layinmu, a bayan babbar makarantar nan mai doguwar katanga, wadda 'ya'yan ƙasashe daban-daban ke karatu a ciki, waɗanda aiki ya kawo iyayensu, tare da 'ya'yan masu hali na gari. Da turanci ake komai a can, jarrabawarsu ma daga waje ake aiko ta, a mayar da ita waje a duba. Mu dai katangar muka sani. Da can gajera ce. Da makarantar ta bunƙasa sai aka ja ta har ta haɗiye kwarin da ke ƙarshen layi, aka cike shi da ƙasa, aka shuka ciyawa, ya zama filin ƙwallo.

Layin namu kuma yana da nasa ciwon. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya shigo mana har ɗaki. Mata su tattare zane su kama kwasa da bokiti, Auta da uwarta a gaba-gaba. Shi kuwa Rediyo sai ya hau kan dakali ya yi mana darasi kyauta.

"Me ke kawo ambaliya? Shara! Wa ke zuba shara a kwata? Ku! To wa za ku zarga? Kanku!"

Ko tsinke bai taɓa ɗauka ba, amma bayanin kam ya ishe mu.

Makarantar ta nemi malamin labarin ƙasa, ya je, ya yi musu magana har suka ɗauke shi, wataƙila don su samu su tashi. Albashin ya fi na da, amma ba shi ne babban abin ba. Dokar wurin ita ce, duk malamin da ke aiki a ciki, ɗansa ɗaya zai yi karatu ba a karɓi komai ba. Haka Auta ta samu kujerar da ko an sayar da layinmu kaf ba za a saya mata ita ba. Da safe uba da 'ya su fito tare, su bi jikin katanga har su zagaya ƙofa, shi yana magana, ita tana kallon ƙasa.

Shugaban makarantar na wancan lokaci dattijo ne mai son zaman ofis. In dai yara sun ci jarrabawa, ko da ganga ka koyar da su bai dame shi ba. Rediyo ya ci gaba da abin da ya iya. Ɗakin ajin mai sanyi ne, yaran ba su da yawa, ko raɗa ka yi za a ji, amma shi da muryar bakin titi yake koyarwa har gilashin taga na karkarwa. Ƙananan azuzuwa suna ci. Manyan ne ake ɗan samun tangarɗa, sai ya ce yaran yanzu wasa ya yi musu yawa.

Dattijon ya ajiye aiki, aka kawo wata mata daga wata ƙasa, siririya, mai furfura, mai takalmin roba. Ba a jin tafiyarta. Kana tsakiyar darasi ka juyo ka gan ta zaune a kujerar baya kamar tun jiya take nan. Malamai suka sa mata suna Sanɗa.

Ta zo da nata tsarin. Ta sa aka daina jera tebura kamar layin asibiti, aka haɗa su rukuni-rukuni, yara na fuskantar juna. Ta ce ba a zo makaranta don a ƙare littafi ba. Kowane zango, kowane darasi zai tashi ne daga tambaya guda, ta gaske, wadda za a iya leƙawa waje a gan ta, yara su yi ta bin ta da karatu da gwaji da gardama har zangon ya ƙare. Ta ce masu duba jarrabawar waje ba ruwansu da abin da malam ya faɗa. Abu suke ajiye wa yaro wanda bai taɓa gani ba, su ce me ka gani, kuma da wace hujja. Ita kanta ta ɗauki aji ɗaya tana koyarwa, ta ce kowane malami na iya shiga ya zauna a baya ya fito ya faɗa mata kuskurenta. Ba wanda ya yarda da wannan tayin, mutane ba wawaye ba ne. Kada kuma a ɗauka waliyyiya ce. Tana da son taro kamar me, ga ta da riƙo, kuma in ta ƙi abu ba ta iya sakaya shi cikin magana mai daɗi.

Ta zauna a ajin Rediyo ba sau ɗaya ba, hannunta babu ko biro. Rannan ta kira shi ofis.

"Malam, na saurare ka. Ka san darasinka, kuma tambayoyinka masu kyau ne. Wa ke amsa su?"

"Yara mana, ranki ya daɗe."

"Wanne daga ciki?"

Ta yi shiru tana kallonsa. Rediyo ya buɗe baki don ya kawo suna, ya laluba, ya rasa. Ya jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Shirun ya fara yi masa ƙaiƙayi. Ya kawo labarin makarantar bakin titi, ya kawo yawan waɗanda suka ci jarrabawa a hannunsa, ya kawo lalacewar yaran zamani, ya zagaya ya dawo, tana nan dai yadda take. Daga ƙarshe da bakinsa ya ce, "Ni ne nake amsawa."

"Kai ne," in ji ta. "Ba na neman ka canza abin da ka sani. Abu ɗaya nake so. In ka yi tambaya, ka jira. Ko shirun ya yi tsawo, ka jira. Ko sun faɗi ba daidai ba, kada ka yi tsalle ka gyara, ka tambayi wani. Zan dawo kafin ƙarshen shekara. In na tarar da ajin yadda na bar shi, ba zan sabunta maka kwantiragi ba."

Ba ta ambaci Auta ba, ba kuma sai ta ambata ba. In aikin ya tafi, kujerar ta bi shi, ga yarinya ta shiga manyan azuzuwa, jarrabawar wajen na gabanta.

Ya gwada, wannan ma a ba shi haƙƙinsa. Ya shiga aji ya yi tambaya ya datse haƙora. Yara suka zuba masa ido, don sun saba amsa na biye da tambaya kamar jela. Shi kuma amsar na tsaye a maƙogwaronsa tana bugun ƙofa. Kafin ya ankara ta fito. Ya gwada cizon leɓe, ya gwada juya baya yana goge allon da babu komai a kai, ya gwada ƙirga a zuci, sai ya ji yana ƙirgar a fili, daga nan kuma ya zarce da bayani. Ya rame. A gida ya riƙa zagaye tsakar gida yana faɗa da matar da ba ta nan.

"Me ta sani game da koyarwa? Ba ta san komai ba. Shiru darasi ne? Ba darasi ba ne!"

Matarsa na tankaɗe ba ta ɗago ba. Ya gaji ya ɗauki kofi ya kafa kai.

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Ya sauke kofin. "Na me?"

"Na ruwan nan. Baban Auta, tun da na shigo gidan nan, lokacin da kake shan ruwa ne kaɗai nake jin kukan tsuntsu. Da ni ce shugabar taku, famfo zan ja maka har cikin aji."

Ita ba'a ta yi. Shi kuwa ya tsaya yana kallon kofin kamar yau ya fara ganinsa.

Washegari ya tafi makaranta da babbar gorar ruwa da kofin silba. Ya yi tambaya, ya ɗaga kofi ya cika bakinsa taf, ya ƙi haɗiyewa. Mutum dai ba ya magana da ruwa a baki, ko shi Rediyo ne. Ajin ya yi tsit har ana jin hucin na'urar sanyaya ɗaki. Yara suka kalli juna. Can wani yaro, ɗan wani likita baƙo, ya gaji da shirun ya jefo amsa, kuma ba daidai ba. Rediyo ya haɗiye, gyaran ya taso masa, ya yi maza ya ce, "Wa ke da wata magana?" ya sake cika baki. Wata yarinya ta ce wa yaron ai ba haka ba ne, ya ce ta kawo hujja, ta kawo rabi, na kusa da ita ya ƙarasa. Kafin a buga ƙararrawa sun iso inda yake so su iso, amma ta wata hanyar da shi bai taɓa bi ba. Ya fito daga ajin da daɗi da haushi a haɗe, kamar maigidan da ya dawo ya tarar an yi baƙi an sallame su lafiya ba a neme shi ba.

Wahalar dabarar ba a baki take ba, a mara take. Mai yawan tambaya mai yawan kurɓa ne. Da an fita darasi za ka gan shi yana sauri a baranda, ba ya amsa gaisuwa, abin da ba a taɓa gani ba. Yara suka canza masa suna zuwa Tanki. Malamin lissafi, abokin tsokanarsa, ya tare shi a ɗakin malamai.

"Malam, mu da batir muka san rediyo. Wannan sabon samfuri ne mai aiki da ruwa?"

"Kai dai ka ji da alli," in ji Rediyo. "Ni ina gyara aikina. Kana gyara naka? Ba ka gyarawa."

"Ka ga, da ka kurɓa kafin ka amsa min."

Haka aka yi ta tafiya. Ajin ya buɗe, har waɗanda ake zaton ba su jin turanci sosai suka fara jefa baki. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɗaga hannu ba, Auta, wadda a shekarar ta faɗo ajin ubanta. Tana zaune kusa da taga tana rubutu. Shi bai ma lura ba, don a wurinsa shirun Auta kamar bango ne, abu ne da ke nan kullum.

Zangon ƙarshe ya zo daidai da faɗuwar damina. Da aka ce kowane malami ya kawo tambayar zango, Rediyo bai yi dogon tunani ba. Ya rubuta: me ya sa ruwa ke shiga gidaje a bayan makarantar nan? Ya zaɓe ta ne don amsar na aljihunsa tun shekaru. Zai yi tambaya, ya kurɓa, yara su yi 'yan zagaye-zagayensu su faɗo kan shara, shugaba ta gani ta gamsu, a rabu lafiya.

Ranar da Sanɗa ta dawo ba ita kaɗai ta zo ba. Mai makarantar ne ya kawo ziyara, ya ce a nuna masa sabon tsarin nan da ake ta ba shi labari. Ƙaton mutum ne mai ƙamshin turare, ba ya zuwa sai da dalili. Shi ya gina wurin tun daga tubalin farko, kuma filin ƙwallon nan shi ne abin alfaharinsa, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani. Aka ajiye masa kujerar yara a baya, ya zauna rabinsa a waje.

Rediyo ya dake ya tsaya gaban aji. Ya karanta tambayar da ke kan allo, ya ɗaga kofi.

Wani ya ce ruwan sama ne ya ƙaru. Wata ta ce a'a, sun duba, bai ƙaru ba. Ɗan likita ya ce gidajen ne aka gina a gangare. Can wani ya ce, "Ko shara ce ke toshe kwata?" Rediyo ya ji daɗi, amsar da yake jira ke nan. Ya haɗiye ya ce, "Shara. To, wa ke da wata magana a kai?" Ya cika baki, don a ga dai ya jira.

Hannu ya tashi a bakin taga.

"Baba," in ji Auta, sai ta gyara, "Malam. Ba shara ba ce."

Yara suka juya gaba ɗaya, don wasunsu ba su san muryarta ba.

"Da can ma ana zuba shara, kuma ruwa ba ya shiga ɗaki. Ruwan daga babban titi yake gangarowa, a da sai ya bi ta kwari ya wuce. Yanzu babu kwarin, an cike shi an yi filin ƙwallo. In ya zo sai ya daki katangar makaranta, ya rasa hanya, ya bi jikinta ya shigo layinmu. Akwai shaidar ruwan a jikin katangar, kullum muna wucewa ta wurin. Ya kai nan." Ta nuna ƙugunta.

Kujerar mai makaranta ta yi ƙara.

Rediyo na tsaye da ruwa a baki. Ya san katangar, ya san layin ruwan da ke jikinta, ya wuce shi safe da yamma yana magana. Kuma malamin labarin ƙasa ne, bai buƙaci a maimaita masa ba. Abin da ya rage shi ne abin da zai yi da bakinsa in ya haɗiye. In ya ce mata ke yi shiru, shara ce, shugaba na zaune tana kallo, ya koma Rediyon da ta ce ba za ta riƙe ba. In ya bar maganar ta tafi, ga mai katangar a zaune, wanda shugabar ma a ƙarƙashinsa take ci. Ta kowane gefe kujerar yarinyar ce cikin haɗari, ita kuma yarinyar ta zuba masa ido tana jira, karo na farko a rayuwarta ta ce wani abu a gabansa ta kai ƙarshe.

Ruwan ya yi ɗumi a bakinsa. Ya haɗiye shi da ƙyar, har aka ji ƙarar wucewarsa.

"To," in ji shi, muryar ta fito ƙarama. "An ce shara, an ce katanga. Ta yaya za mu gane wanne ne?"

Ya ɗaga kofin, babu komai a ciki. Ya kafa shi a baki haka nan ya riƙe.

Ajin ya ɓarke. A je a auna tsawon shaidar ruwan. A nemo tsohon hoton wurin kafin a yi filin. A tambayi tsofaffin layin. A jira ranar ruwa a fita a ga inda yake bi. Ɗan likita ya ce a zuba ruwa a faranti mai yashi a sa katako a tsakiya a gani. Mai makaranta ya miƙe kafin ƙararrawa, ya karkaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tambayi shugaba, ba a hankali ba, "Yarinyar can 'yar wa ce?"

"'Yar makarantarka ce," in ji Sanɗa.

Ranar Rediyo bai yi sauri a baranda ba. Da aka tashi ya zauna a ɗakin malamai, malamin lissafi ma bai tsokane shi ba. Aka aiko shugaba na kira. Ya shiga ya tarar tana saka takalmi, za ta haura wurin mai makaranta, wanda ke jiranta a sama.

"Ranki ya daɗe, yarinya ce, ba ta san..."

"Ta sani," in ji ta. "Kai ma ka sani. Na sa hannu a kwantiraginka, na aika ofishin ma'aikata tun ɗazu."

"Tun kafin ki ga mai makaranta?"

"Shi ya sa na yi tun ɗazu." Ta ɗaure igiyar takalmin. "Kuma tambayar zangon tana nan, kada ka canza ta. Ni na ce a yi tambayar da za a leƙa waje a gani. Ban ce sai wadda za ta yi mana daɗi ba." Ta kai ƙofa ta juyo. "Kofin nan naka, Malam. Ka rage girmansa, don lafiyarka."

Abin da aka faɗa a sama ba mu ji ba. Mun dai ga yara ranar wani ruwa, farare da baƙaƙe da jajaye, cikin rigunan leda, suna bin jikin katanga da sanda mai awo, suna shiga gidajenmu suna tambayar tsofaffi yadda wurin yake a da. Rediyo na biye da su da gorarsa, a cikin ruwan sama, yana tambaya yana kurɓa. Suka gama bincikensu suka ce katanga ce babbar mai laifi, amma shara ma na da nata kason. Wannan ɗan kason shi Rediyo ya riƙe, har yau in an tayar da maganar sai ya ce, "Ai na faɗa."

Mai makaranta ya ja ƙafa har damina ta wuce, sannan aka haƙa gefen filin aka binne bututu. Ƙarami aka sa. Ruwan da ke kai mana gwiwa yanzu a idon sawu yake tsayawa, bokitin dai ba mu jefar ba. Sanɗa ta ƙara shekara ɗaya ta tafi. An ce ita ta nemi tafiya, haka dai ake cewa kullum. Wanda ya gaje ta ya bar teburan yadda ta haɗa su, don mayar da su aiki ne.

Auta ta zauna a kujerarta har ta gama, ta yi jarrabawar wajen, ta ci. A hanyarsu ta dawowa ranar da sakamako ya fito, uban ya ce mata, "Yanzu me za ki karanta? Likita za..." Ya tsaya. Ya laluba jaka ya fito da gora. Suna tsaye a jikin katanga, mutane na wucewa, shi da kumatu cike da ruwa, har ta gama tunaninta ta faɗa masa. Ba likita ba ne. Aikin gina hanyoyin ruwa take so. Ya haɗiye, ya ce to.

Yana nan yana koyarwa, furfura ta cika kai, kofin ya lotsa ta gefe. Kada wani ya ce ya daina surutu, ƙarya ne, a bakin layi har yanzu in ya kama ka sai ka nemi wurin zama. Sai dai ya kai kofin gida. Ranar farko da ya tambayi matarsa yadda ta ga wani abu, ya ɗaga kofi ya jira, ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye abin da ke hannunta, ta gyara zama.

"Ka cika gorar tukuna," in ji ta. "Daga ranar da ka je wajen babana zan fara."